BA KOWACE ƘWAYA CE CUTA BA

'Yan uwa makaranta, yau dai ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, ba na kishiya ba, ba kuma na uwar miji ba. Na san cigaban littafin da muke kai kuke jira, to ku yi mini uzuri na wannan makon. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini rai, na ga in ban amayar da shi ba ba zan samu sukuni ba. Labarin kashin kaji ne. E, kashin kaji na ce, ba kuskuren bugu ba ne. Na san a cikinku akwai mata da yawa masu kiwon kaji a bayan ɗaki ko a ƙarƙashin bene, wasu ma da kuɗin adashi suka fara kamar yadda na fara. In har mutum ɗaya ta karanta wannan ta tsira daga ramin da na faɗa, to alƙalamina ya biya.

Duk wanda ya san kasuwar littafi a Kano a da, ya san yadda ta koma. Da can in ka kai littafi bakin Bata ko cikin Sabon Gari, kafin wata ya zagayo an aiko maka a ƙaro. Daga baya takarda ta yi tsada, makaranta suka koma waya, sai na ga zama bai kama ni ba. Da ɗaukar adashi ta zo kaina a watan Agustan 2022, ga bikin 'yata ta fari yana matsowa, sai na yi wani lissafi irin na mai tallan nono a tatsuniya. Na ce buroila sati shida zuwa bakwai ne ta isa yanka, in na zuba a ƙarshen Agusta za ta fito daidai Mauludi, lokacin da ake neman kaji ruwa a jallo, kuɗin kayan ɗaki ya ninka kansa. Maigidana ya ce, "Ki fara da hamsin mana ki ga kamun ludayinsu." Na ce masa ai hamsin wasan yara ne. Ɗari biyu na yi oda.

Akwai wani tsohon ɗakin ajiya a bayan gidanmu, mita 3 ne da mita 4, tagarsa ɗaya 'yar ƙarama. Na share shi, na wanke, na fesa maganin kashe ƙwayoyi mai warin asibitin nan har sai da na ji kaina yana juyawa. Na aika 'Yan Katako ta Na'ibawa aka sayo mini dusar katako, na ce a zaɓo mai laushin nan kamar gari tunda ita ta fi araha, na baza ta sama-sama yadda da ƙyar ta rufe siminti. 'Yan tsakin suka iso daga Ibadan da asuba cikin kwali huɗu, sun kwana a mota suna ta tsiyu-tsiyu, rawaya shar kamar an watsa auduga a ruwan kurkur. Wallahi ranar ji na yi kamar an kawo mini jikoki.

Mai shagon da na sayi abincinsu ya haɗa mini magunguna leda guda, ya ce in rinƙa zuba musu antibayotik a ruwa tun daga ranar farko, wai rigakafi ya fi magani. Ni kuwa dama mutum ce mai tsoron ƙazanta, sai magana ta zo daidai da ra'ayina. Na toshe tagar da tamfol don kar sanyin damina ya kama su, na hura musu gawayi a kurfoti, kullum ruwansu da magani, kullum ƙasa da feshi. A ganina babu wata ƙwayar cuta da za ta iya kwana a ɗakin nan.

Sati biyun farko lafiya ƙalau, ci suke kamar gara, suna girma kamar ana hura su. A sati na uku abubuwa suka fara canjawa. Kun dai tuna daminar 2022, shekarar da ambaliya ta yi ɓarna a Jigawa da wasu jihohi da dama, rana sai ta yi kwana biyu ba ta leƙo ba. Kajin sun girma, ɗaki ya cika, suna ture mazubin ruwa yana malala, dusar nan ta jiƙe ta dunƙule ta zama kamar ƙanzon tukunya. Duk inda na ga danshi sai in kwaso toka daga murhu in barbaɗa, in bi da feshin magani.

Wata ranar Laraba da yamma maƙwabciyata ta yi sallama. Dattijuwa ce, mun fi shekara goma sha biyar katanga ɗaya ko cacar baki ba mu taɓa yi ba. Ta zauna ta yi ta kewaye-kewaye, can ta ce, "Hajiya, don Allah kar ki ɗauka da wata manufa. Malam ya daina cin tuwon dare a tsakar gida saboda warin nan, jikata kuma tari take ta yi." Na ba ta haƙuri a baki, amma a zuciyata na ce hassada ce, an ga na samu abin yi. Allah Ya yafe mini wannan zato. Gaskiyar magana ni ba na jin warin yadda take faɗa, hancina ya riga ya saba.

Kwana biyu bayan nan na shiga da safe na tarar da uku a miƙe. Washegari bakwai. Na ga wasu suna atishawa, wasu in dare ya yi kana jin ƙirjinsu yana ƙara kamar minsharin tsoho, wasu idonsu a rufe yana ruwa, sun takure a lungu sun ƙi ci. Na fara ganin jini a kashin wasu. Na koma wajen mai shago ya canja mini wani maganin, wata ƙawata ta ce in farke kafson ja da yalo in zuba musu, na zuba. Ranar da na kwashe goma sha ɗaya a buhu, na zauna a bakin ƙofar ɗakin na yi kuka mai isata, irin kukan da nake sa taurarin littattafaina su yi ina daga zaune ina kaɗa ƙafa.

Ɗana na biyu ne ya gaji da ganina a haka, ya je ya ɗauko wani likitan dabbobi, yayan abokinsa. Matashi ne, ba zai wuce sa'an ƙanina na uku ba. Na ɗauka jaka zai buɗe ya fito da allura, sai na ga ya tsaya a ƙofa yana kallon ƙasa. Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, so nake ki durƙusa ki kai fuskarki daidai inda kan kajin nan yake, ki ƙirga goma."

Na tattare zanina na durƙusa. Mai karatu, ban kai biyar ba na miƙe. Idona ya kawo ruwa, hancina kamar an shaƙa mini barkono, maƙogwarona yana ƙaiƙayi. Ya ce, "To ke kin iya miƙewa. Su a nan suke kwana, a nan suke wuni, yau sati nawa."

Daga nan ya zaunar da ni a kan benci ya yi mini karatun da ban samu a sakandare ba. Ya ce kaza ba ta fitsari kamar akuya, farin nan da ake gani a saman kashinta shi ne madadin fitsarinta. In ya faɗi a busasshiyar shimfiɗa ba ya tayar da hankali sosai. Amma in ya samu danshi da zafi, akwai wasu ƙananan halittu a ƙasa da ido ba ya gani, su ke warware shi su mayar da shi wata iska mai yaji da ake kira amoniya. Ya ce masana kiwo ba sa son ta wuce kashi 25 cikin miliyan a iskar ɗakin kaji, kuma duk sanda ta sa idon mutum hawaye to ta wuce nan da nisa. A cikin maƙogwaron kaza akwai wasu 'yan ƙananan gashi masu aikin tsintsiya, suna share ƙura da ƙwayoyin cuta su turo su waje. Amoniya tana kashe wannan tsintsiyar, sai hanya ta buɗe, duk ciwon da ya zo wucewa ya shige har huhu. Ita ce kuma take ƙona musu ido.

Ya damƙi shimfiɗar a hannunsa ya matse, ya buɗe, ta tsaya a dunƙule kamar curin fura. Ya ce shimfiɗa mai kyau in ka matse ka saki, ɗan haɗuwa za ta yi ta warware, danshinta tsakanin kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari. Ya ɗaga wata kaza ya nuna mini tafin ƙafarta, baƙin gyambo ne a jiki, ƙirjinta ya tuje. Ya farke guda biyu daga cikin waɗanda suka mutu da safen, ya nuna mini hanji cike da jini. Ya ce wannan koksi ne, ƙwansa a kashi yake fita, kuma sai ya samu jiƙaƙƙiyar ƙasa mai ɗumi sannan yake nuna ya iya kama wata kazar.

Na ce, "To Dakta, ai ina zuba toka."

Ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, in miyar yakuwa ta yi tsami me kike sa mata?" Na ce kanwa. Ya ce to toka da kanwa da farar ƙasa duk dangi ɗaya ne, tsami suke kashewa. Ita kuwa amoniya tsami ne yake ɗaure ta a ƙasa, da zarar an kashe tsamin sai ta kwance ta tashi sama. Ashe duk tokar da nake barbaɗawa kwance mata mari nake yi. Feshin da nake yi kuma ruwa nake ƙara wa ƙasar da ruwa ya riga ya yi wa yawa. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ya sa yara suka yaye tamfol, suka kwashe shimfiɗar nan kaf aka zuba sabuwa, ya rubuta maganin koksi da na ciwon numfashin, ya ce duk sauran ledojin in ajiye. Ya kuma ja mini kunne cewa in an gama magani sai an jira kwanakin da aka rubuta a jikin takardarsa sun cika kafin a sayar ko a yanka, don kar mutane su ci saurar magani a nama. Wannan jiran ne ya sa Mauludi ya wuce ni. Kaji 61 na binne. Sauran 139 suka fito ba nauyi, masu saye suna juya su suna taɓe baki. Da ƙyar na haɗa rabin uwar kuɗi, sai da na sayar da ɗan kunnena na gwal aka cika kuɗin gado da katifa.

Amma maganar da ta fi tsaya mini a rai ita ce wadda ya faɗa yana shirin hawa babur. Na ce masa ni abin da ya ɗaure mini kai, duk tsaftar nan da na yi, ta ina ƙwayoyin cuta suka shigo? Ya ce, "Hajiya, ba za ki taɓa iya kashe su duka ba, kuma ba duka ne maƙiyanki ba. Fili ba ya zama babu kowa. In kika kori mutanen kirki daga unguwa, wa kike zaton zai tare?"

Na kwana ina juya wannan magana. Ni da nake cin abinci da harshen Hausa, sai a ranar na lura da wani rashin adalci da muke yi. Duk wata halitta da ido ba ya gani suna ɗaya muka ba ta, ƙwayar cuta. Mun yi musu kuɗin goro, mun yanke musu hukunci tun daga suna. Alhali kuwa tun muna yara muke cin arzikin wasunsu.

Sai na tuna Inna, kakata ta wajen uwa, Allah Ya jiƙanta. In ta dafa madara ta huce za ta yi kindirmo, sai ta ɗebo ɗan ragowar na jiya a ludayi ta zuba a ciki, ta rufe ƙwarya da faifai ta ajiye a lungu. Da safe ka tarar ya kama, fari tas, ƙamshi na tashi. Wata rana ina 'yar shekara tara na ga ɗan ragowar nan a ƙoƙo, na ɗauka wanke-wanke ne, na zubar na wanke ƙoƙon da toka har yana ƙyalli, ina jiran yabo. Ranar na sha ranƙwashi. Ta ce, "Ja'ira, kin zubar mini da iri." Sai da aka je maƙwabta aka roƙo wani. Inna ba ta taɓa jin kalmar bakteriya ba, amma ta san madarar da aka bari haka nan ba tabbas gare ta, tana iya ruɓewa, wadda aka sa wa iri kuwa tsami mai daɗi take yi. Ga shi bayan shekara talatin da wani abu na maimaita wannan wautar a ɗakin kaji.

Na sa ɗana ya rinƙa nemo mini bayanai a waya yana fassara mini inda Turancin ya fi ƙarfina. A nan na san masu tsamar da nono da kamu dangin da ake kira Lactobacillus ne da 'yan uwansu, suna cin zaƙi su fitar da tsami, tsamin kuma ya hana miyagu da yawa sakewa. Na san cewa wadda take mayar da kalwa daddawa sunanta Bacillus subtilis, kuma zaɓaɓɓun irinta ne ake ƙullawa a leda ana sayar wa masu kaji da sunan furobayotik. Ita wannan tana da wata dabara, in wuya ta yi sai ta dunƙule cikin ɓawo ta yi barci, zafi da bushewa ba sa kashe ta da sauƙi, sai ta samu danshi da abinci ta farka. Shi ya sa take jure zaman shago da zaman buhun abinci.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne labarin 'yan tsakin kansu. Ɗan tsakon kazar Hausa yana fitowa daga ƙwai a ƙarƙashin uwarsa, yana bin ta yana tsattsagar inda ta tsattsaga, har da inda ta yi kashi. Ta haka yake gadon halittun kirkin da ke cikin hanjinta, su riga miyagu kama wuri. Ɗan tsakon kwali kuwa inji ne ya ƙyanƙyashe shi, bai taɓa ganin uwa ba, hanjinsa kusan fili ne fetal, wanda ya riga zuwa shi ne mai gida. Maraya ne tun ranar farko. A shekarar 1973 wasu masana biyu a ƙasar Finlan, Nurmi da Rantala, suka gwada ba wa sababbin 'yan tsaki abin da ke cikin hanjin manyan kaji masu lafiya, sai suka ga ƙwayar salmonela ta kasa samun wurin zama a cikinsu. Ni kuwa marayun nan na karɓa, maimakon in nemo musu dangi sai na rinƙa ɗura musu maganin da ba ya bambance na kirki da mugu. Na kuma karanta cewa tun ranar 1 ga Janairun 2006 Tarayyar Turai ta hana zuba antibayotik a abincin dabbobi don kawai su yi saurin girma, saboda yawan amfani da shi barkatai yana koya wa ƙwayoyin cuta taurin kai, har a wayi gari maganin ya daina ci a jikin mutane ma.

Na yi kusan shekara ban ƙara kallon ɗakin nan ba. Da daminar 2023 ta kama sai na ce wa maigidana zan sake. Ya dube ni ya ce, "Nawa?" Na ce ɗari. Ya ce, "Yanzu kika yi magana." Dama likitan ya ce a yanayin zafi irin namu kar buroila ta wuce takwas zuwa goma a kowace murabba'in mita, ni kuwa wancan karon kusan goma sha bakwai na cusa.

Muka kira magini ya fasa manyan tagogi biyu masu kallon juna aka sa raga. Na wanke ɗakin na fesa magani sau ɗaya, na bar shi sati biyu ya bushe ya sha iska, don maganin feshi wurinsa ke nan, kafin kaji su shigo. Na sayo ɓuntun shinkafa busasshe na haɗa da dusar katako mai fale-fale, wadda injin gogewa yake fitarwa, na bar mai garin nan da 'yan tsaki ke ci tana kuma shaƙe su. Na duba babu fumfuna a jiki, na zuba da kauri, kamar santimita 8 zuwa 10. Mazuban ruwa na ɗora su a kan bulo, ina ɗaga su daidai bayan kajin yadda suke girma.

Ranar da suka iso, bayan ruwan gulukos, furobayotik na ba su, wanda likitan ya nuna mini, mai lambar NAFDAC a jiki, na bi awon da aka rubuta. Ya gargaɗe ni da abu biyu. Kar in haɗa shi da antibayotik a ruwa ɗaya, don kamar ka ajiye kura da akuya ne a ɗaki guda. In kuma ruwan famfo ne mai kulorin, in tara shi a buɗaɗɗen bokiti ya kwana tukuna. Rigakafin Gumboro da Lasota kuwa ban ɗaga ko kwana ɗaya daga ranakun da ya rubuta mini ba.

Ita kuma ƙasa, na yi mata irin na Inna. Akwai wata hanya da manoman Koriya ta Kudu suka shahara da ita, ta cikin koyarwar wani malamin noma mai suna Cho Han-kyu, kuma duk kayan haɗinta akwai su a madafina. Ruwan farko na wankin shinkafa nake tarawa a kwalba, in rufe bakin da tsumma mai tsafta, in ajiye a inuwa kwana uku zuwa biyar har ya fara ɗan tsami. Sai in ɗebi na tsakiya, awo ɗaya, in zuba a awo goma na madara, in sake rufewa da tsumma. Cikin 'yan kwanaki za ka ga ya rabu, farin ya taso sama kamar cuku, ruwa mai rawaya-rawaya ya kwanta a ƙasa. Wannan ruwan nake tacewa. In ina son ya daɗe sai in narka mazarƙwaila daidai nauyinsa a ciki. Cokali ɗaya na cin abinci nake sa wa a lita goma ta ruwa. Sau biyu a sati da hantsi, in na juya shimfiɗar da manjagara na kwashe duk inda ya dunƙule, sai in bi da famfon feshi sama-sama kamar raɓa.

Kar ku ɗauka ban yi tuntuɓe ba. Haɗina na biyu ruɓewa ya yi, baƙar fumfuna ta fito a kai yana warin masai, na zubar da shi. Ƙa'idar ita ce hanci, in ba ƙamshin tsamin kindirmo ka ji ba to kar ya kusanci kajinka. Sannan a sati na huɗu zumuɗi ya ɗebe ni, na ce tunda kaɗan ya yi amfani bari in ƙara, na yi feshi har ƙasa ta jiƙe. Kwana biyu wari ya dawo. Na kwashe wajen na zuba busasshen ɓuntu, na koma raɓata. Kowace safiya kuma kafin in zuba abinci sai na durƙusa na ƙirga goma, na damƙi ƙasa na matse. Yarana har suna tsokanata wai Umma ta fara gaida kaji.

Cikin ɗarin nan huɗu na rasa, biyu tun a satin farko, ɗaya ƙafa, ɗaya zafi. Na fitar da 96, tafin ƙafarsu fes, ƙirjinsu da gashi. Sau ɗaya tak aka ba su maganin koksi, shi ma da izinin likita. Shimfiɗar da na kwashe a ƙarshe ta yi duhu, tana warwarewa a hannu, ƙamshinta ya fi kusa da na ƙasar da aka yi wa ruwan fari. Wani mai lambu daga wajen Kura ya saye ta buhu-buhu, ya ce in na sake tarawa in neme shi. Ashe ita amoniyar da ke tashi tana ƙona ido, sinadarin da shuka take nema ne yake gudu, wanda manomi ke sayen buhun yuriya dominsa. Duk warin da ya tashi daga ɗakin kaji, taki ne yake bin iska.

To amma 'yar uwa, tsakanina da ke sai gaskiya. Kar ki karanta wannan ki je ki cusa kaji ɗari biyu a ɗaki mai taga ɗaya, ki ce ai kina da ruwan tsami. Ba zan ɗora wa halittun nan duka yabon ba. Taga ta yi nata, rage yawa ya yi nasa, kaurin shimfiɗa da bulon da ke ƙarƙashin mazubi sun yi nasu. Su kansu masu bincike da suka gwada irin waɗannan halittu a shimfiɗar kaji, a wani wurin sun ga ragin wari sosai, a wani wurin ɗan kaɗan. Manyan gonaki a Amurka ma da yawansu alif suke barbaɗawa ko wani gishiri mai tsami don ɗaure amoniya. Halittun kirki kamar baƙi ne masu mutunci, in ka gyara musu masauki su zauna su taya ka aiki, in ka sauke su a cikin taɓo su bar maka gidanka. Kuma ba sa tare Gumboro, ba sa tare murar tsuntsaye irin wadda ta shigo ƙasar nan a 2006 ta tashi gonaki a Kaduna da Kano. Waɗannan sai rigakafi inda akwai shi, da hana kowa da kowa shiga ɗakin kaji, da kiran likita da wuri. In kuma annoba ta taɓa shiga ɗaki, shimfiɗar nan fitar da ita za a yi gaba ɗaya, babu batun ajiye iri.

Ana saura sati ɗaya in fitar da kajin, maƙwabciyata ta leƙo karɓar aron turmi. Har ta juya za ta fita sai ta tsaya ta ce, "Af, Hajiya, ashe kin haƙura da kiwon nan? Allah Ya sa hakan ne mafi alheri." Ban ce mata komai ba, na kama hannunta na zagaya da ita baya na tura ƙofa. Ta tsaya tana kallon kaji fari fat sun cika ɗaki, ta riƙe haɓa tana salati. A nan na samu bakin neman gafararta kan zaton da na yi mata bara, wanda ita ba ta ma san na yi ba. Da na fitar da su, biyu mafiya girma na aika wa Malam, na ce a yi masa farfesu ya ci a tsakar gida.

Yanzu duk wadda ta zo mini da kukan kajinta suna mutuwa, kafin ta gama lissafa magungunan da ta ba su nake ce mata ta koma gida ta durƙusa ta ƙirga goma, sannan ta dawo mu yi magana. Ke ma in kina da su a bayan ɗaki, ki ajiye wayar nan ki je ki gwada yanzu.

Allah Ya sa albarka a abin da muke nema, Ya jiƙan iyayenmu da kakanninmu da suka san abubuwa da yawa ba tare da sun san sunayensu ba. Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu koma kan labarinmu daga inda muka tsaya. Na bar ku lafiya.